Alƙalamin Gwandu da Gorar Argungu

Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu ba wata tafiya ba ce mai nisa. Mota takan cinye hanyar cikin awa guda ko ƙasa da haka, fadamar shinkafa tana biye da kai, gulbin da ya ratso ta Sakkwato yana gangarawa ya nufi Kwara. Ruwa ɗaya garuruwan biyu suke sha, harshe ɗaya suke yi, auratayya kuma ta daɗe da sarƙe su. Duk da haka, shekarun da na yi ina zama da makaɗa da marubuta da masu zane da masu kula da kayan tarihi a wannan kwari sun nuna mini cewa kowane gari da irin yadda yake riƙe jiya. Ka tambayi dattijo a Birnin Kebbi labarin da ya wuce, sai ya shiga ɗaki ya fito da takarda a cikin gafaka. Ka yi wa na Argungu wannan tambaya, sai ya kama hannunka ya kai ka gaban wani abu, mashi ko tambari ko kushewa, ya ce ga shi nan.

Bambancin yana da asali. Birnin Kebbi na Kabawa ne tun farko. Sarkin Kabi Tomo ne ya mayar da sarauta can wajen farkon ƙarni na 18, bayan an bar Surame, birnin nan mai ganuwar dutse da Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci garin, Sarki Muhammadu Hodi ya fita da jama'arsa. Gidan sarautar Kabi ya sha gwagwarmaya kafin ya kafu a Argungu, Yakubu Nabame ya sake zare takobin Kabawa a 1849, kuma in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga, wanda aka ƙulla a 1867, ƙura ba ta lafa tsakanin Argungu da Gwandu da Sakkwato ba sai da Turawa suka iso. Shi ya sa yau garin da ke ɗauke da sunan Kabi shi ne mazaunin Sarkin Gwandu, Sarkin Kabi kuwa yana Argungu. Waɗanda suka ci yaƙin 1805 malamai ne masu alƙalami, suka rubuta abin da ya faru yadda suka gan shi. Waɗanda aka fitar sun tafi da tamburansu da kirarinsu da tsagar fuskarsu, a cikinsu suka ajiye nasu labarin.

A 1958 aka buɗe Gidan Tarihi na Kanta a tsohuwar fadar Argungu, wadda sarakuna suka zauna a cikinta har 1942. A shekarar nan ce kuma wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane, suka ce sun gaji da kwaikwayon Turai zalla, za su koma su ɗebo daga abin da iyayensu suka bari. Nakan haɗa waɗannan abubuwa biyu a raina. Abin da samarin Zariya suka fita nema, Argungu ta riga ta tara irinsa a ɗakuna goma sha ɗaya: masu da takubba, baka da kwari, bindigogin gargajiya, layu, ganguna. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo ya gina aikinsa a kai, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Zanen ƙwaryar matan Kabi da saƙar homa da tsagar Kabanci sun daɗe suna jiran mai yi musu irin wannan hidima.

Ina ɗan makaranta na fara shiga gidan Kanta, kuma abin da ya zauna mini a rai shi ne dattijon da ya zagaya da mu. Ba ya fara bayani da shekara. Da mai abu yake farawa: na wane ne, ɗan wane, a wane fage ya riƙe shi. In ya zo gaban takobi sai ya yi wa mai shi kirari tukuna. In an kusa kaburburan sarakuna, domin a gidan ake binne su, sai ya sassauta murya ya yi addu'a, mu ma mu shafa. Da wani yaro ya kai hannu zai taɓa tambari, bai tsawata masa ba, cewa ya yi, "Ɗana, wanga ba a buga shi don daɗi. In ka ji shi da magana, ko Sallah ta zo, ko an yi sabon sarki, ko an ɗaura yaƙi." A bakinsa na fara jin ruwayar jirgin tagulla na Kanta, da ta Azbinawan da aka ce an sa su ɗauko ruwa daga nesa don ginin Surame. Ruwayoyi ne, ya kuma faɗe su a matsayin ruwayoyi, da "an ce" a gaban kowace.

Masu wannan aiki na yanzu da nake hira da su sun sha bamban da shi. Sun yi karatun tarihi ko na tona kayan da a jami'a, sun san illar danshi ga fata, sun san yadda ake kare itace daga gara, sun san amfanin ba kowane kaya lamba a rajista. Wannan ci gaba ne na gaske, don da yawa daga abin da muka rasa a ƙasar Hausa damina da gara ne suka cinye shi. Amma su da kansu suke gaya mini abin da ke hana su barci. Takobi ana iya shafa masa mai ya ƙara shekara ɗari. Kirarin mai takobin kuwa yana kan harshen tsoho guda, ranar da aka kai shi makwanci an rufe da shi. Wani daga cikinsu ya ce mini ya gwammace a ba shi na'urar naɗar murya da kuɗin mai na babur ya zagaya ƙauyuka da a ba shi sabon akwatin gilashi. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

A Birnin Kebbi hira takan ɗauki wata hanya. Malam Abdullahi, wanda hubbarensa ke Gwandu, ya bar littattafai masu yawa, daga tafsirinsa Diya'ut Tawili zuwa Diya'ul Hukkami da ya rubuta wa mutanen Kano kan tafiyar da mulki, da Tazyinul Waraƙati inda ya tattara waƙoƙinsa da labarin yaƙe-yaƙen jihadi. Wannan gado bai yanke ba. Wazirin Gwandu Alhaji Umaru Nasarawa, wanda kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke garin take ɗauke da sunansa, marubucin waƙa ne da ɗaliban Hausa ke nazari a jami'o'i. Dattawan marubutan da na riska a zauruka suna auna baiti da kari da amsa-amo, su tsaya a kan harafi guda har shayi ya huce. A wurinsu waƙa ita ce wadda aka zauna aka rubuta, a ajami ko a boko, don wa'azi ko madahu ko gargaɗi. In ka sako zancen makaɗa, wasu sukan kau da kai, su ce wannan roƙo ne. Sai dai kuma da wuya ka sami wanda bai san waƙoƙin Aliyu Ɗandawo da na ɗansa Sani ba, makaɗan da sunansu ya haɗu da fadar Argungu da ta Yawuri, domin Rediyon Kaduna da Rima Radiyo sun shigar da su kowane gida, har gidajen malamai. Ana jin daɗin abin a ɗaka, a zaure ba a ba shi matsayin ilimi.

Wannan katanga ce na ga ta tsage a idona, kuma daga jami'a tsagewar ta fara. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, ɗan Jihar Kebbi da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya rubuta littafi sukutum a kan Narambaɗa, ya kuma rubuta a kan waƙoƙin Gambu, mutumin Fagada da aka fi sani da mai waƙar ɓarayi. Malami mai karatun addini da na boko ya ɗauki alƙalami ya bi maganar mutumin da jama'a ke kallo a kaikaice, ya nuna cewa akwai hikima da sanin halin ɗan Adam a cikinta. Wanda bai san yadda ake kallon makaɗi a gidajen ilimi na wannan yanki ba, ba zai gane nauyin wannan aiki ba. Bayansa ɗalibai da yawa sun fita da littafin rubutu da rakoda zuwa wurin masunta da 'yan kokawa da zabiyoyi, suka zauna ƙasa a gabansu suna cewa "Baba, a ƙara mini bayani."

Bikin kamun kifi na Argungu shi ne fuskar da duniya ta san mu da ita, don haka dole a tsaya a kansa. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin su, aka binne gabar da ta haura shekara ɗari. Kafin wannan rana Kabawa suna da al'adunsu na ruwa da na gari, Gyaran Ruwa da Fashin Ruwa da Gyaran Gari da Shan Kabewa, waɗanda ke tafiya da lokacin shekara da bukatar masunta da manoma. Biki ya girma. A 1970 Janar Yakubu Gowon ya zo tare da Shugaba Diori Hamani na Nijar, aka ƙara baje kolin amfanin gona da kokawa da dambe, daga baya har da tseren motoci. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, hoton dubban maza suna rugawa cikin gulbin Matan Fada da gora da homa ya zama tambarin jihar a kalanda da talabijin.

Hoton gaskiya ne, yana kuma da kyau. Sai dai ba ya magana. Wani masunci da na zauna da shi a bakin gulbi, yana ɗinkin homarsa, ya ce mini, "Malam, masu hoto sun ɗauke ni ba adadi, ba wanda ya taɓa tambayata wa ya saƙa min wannan." Daga nan ya buɗe mini wani fage da ban san zurfinsa ba. Yadda ake zaɓen duma tun yana gona, a bar shi ya ƙosa, a rarake shi, a bar bakin daidai yadda zai ɗauki mutum a kan ruwa ya kuma karɓi kifi. Yadda ake lanƙwasa itacen homa. Yadda ake gane ramin da giwan ruwa ke kwanciya ta motsin ruwa da sanyinsa a ƙafa. Abin da Sarkin Ruwa yake yi kafin a ba da izinin shiga, da dalilin hana su a wasu wurare har tsawon shekara don kifi ya ƙosa. Kiɗan da ake yi wa masunta a cikin jirgi, da taken kowane gida. Duk wanda ya ji wannan bayani zai daina kallon Kabanci, wato nutso da kamun agwagwa da kamun kifi da hannu da tseren jirage, a matsayin wasan burge baƙi. Makaranta ce mai malamai da ɗalibai da darajoji.

Bayan na 2009 biki ya tsaya, matsalar tsaro na cikin manyan dalilai, bai dawo ba sai a Maris 2020 da Shugaba Muhammadu Buhari ya halarta, aka kama kifi mai kilo 78. A tsakiyar wannan hutu ne, a 2016, hukumar UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun duniya da ake gado baki da baki. Shekaru goman nan sun koya mini abu guda. Abin da ke rayuwa don 'yan kallo kaɗai ya yi barci tare da rumfunan baƙi. Abin da ke da mai koyarwa a gida bai tsaya ba ko na rana ɗaya: yara a ƙauyukan bakin gulbi sun ci gaba da koyon nutso, ana ci gaba da saƙar homa, domin da ita ake cin abinci.

Amma gulbin kansa ya sauya, kuma a nan ne masu fasaha na yau suka sami abin faɗa. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 da ta Goronyo da ta biyo baya sun canza yadda ruwa ke cika fadama ya janye. A Nuwamba 2015 a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya, shinkafa ta zama zinariyar jihar, a 2017 aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu. 'Ya'yan masunta da dama sun ajiye homa sun rungumi injin ban ruwa. Ambaliyar 2020 ta zo ta kwashe gonaki masu ɗimbin yawa. Samarin da ke ɗaukar hoto da waya a yau, in ka duba abin da suke sawa a Facebook da Instagram, wannan rayuwa ce suke nunawa: jarkar roba a inda gora take a da, bututun ban ruwa a gefen jirgi, mata masu turara shinkafa, tsoho a kan tudu yana kallon gonarsa a ƙarƙashin ruwa. Wani ya ce mini wai wannan ba al'ada ba ce, ɓata sunan gari ne. Ban yarda ba. Wanda ya ɗauki hoton jarka a yau yana yi wa jikokinmu irin aikin da wanda ya ajiye mashi ya yi mana.

Wani abin da ya sauya shi ne zama wuri ɗaya. Jami'ar Aliero da aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ta 2013, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, sun haɗa jikokin malaman Gwandu da jikokin mayaƙan Kabi a aji ɗaya da ɗakin kwana ɗaya. Su gabar ƙarni na 19 labari ce da ake tsokanar juna da ita. Wata yarinya mai zane da na yi doguwar hira da ita, mahaifinta daga gidan malamai, mahaifiyarta Bakaba, ta nuna mini aikinta. Ba ta zana fuskar mutum, saboda abin da aka karantar da ita a gida game da hoton mai rai, kuma ba ta ɗauki wannan a matsayin takura ba. Layukan tsaga kaɗai take zanawa, ta jera su cikin tsarin zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani, da tawada da jar ƙasa da shuni. Ta ce, "Baba, kakata ce ta ƙarshe mai tsaga a gidanmu. Ba na so a yi wa 'ya'yana, ba na kuma so a manta yadda take." Na daɗe ina kallon takardun. Zayyanar zauren malam ce ɗauke da shaidar gidan Kanta, abin da kakanninta na ɓangarorin biyu ba za su taɓa tunanin haɗawa ba, ita kuwa ba ta ga wani abin mamaki a ciki ba. A ganina abin da samarin Zariya suka yi kira a kai a 1958 ke nan ya iso kwarin Rima, ta hannun wadda ta same shi a cikin gidansu.

Marubuta matasa kuwa, musamman mata, a waya suke rubuta littattafansu su raba a WhatsApp. Gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 ta ba su fage, bikin littattafai na Kaduna da aka soma a 2017 da na littattafan Hausa da ya biyo baya a 2021 sun ba su wurin zama da takwarorinsu. Ina murna da wannan. Abin da nake yi musu ƙorafi a kai kullum shi ne harshe. Yarinya ta tashi tana jin "mi kaka so" da "shina nan" a bakin uwarta, amma in ta zo rubutu sai ta sa wa tsohuwar ƙauyen bakin gulbi Hausar Kano a baki, don tsoron kada masu karatu su yi mata dariya. Daidaitacciyar Hausa tana da wurinta a bakin mai ba da labari. Mutanen cikin labari kuwa a bar su su yi magana yadda Allah ya hore musu. Makaɗan wannan yanki da Sakkwatanci da Kabanci suka mamaye ƙasar Hausa, ba wanda ya ce bai gane ba.

Da Jamus ta mayar wa Nijeriya wasu kayan tagulla na Benin a Disamba 2022, zancen dawo da kayan tarihi ya cika gari, na kuma tayar da shi a hira da wani matashi mai kula da kayan tarihi. Amsarsa ta buɗe mini ido. Ya ce mu a nan tamburanmu da masunmu suna hannunmu, abin da ya yi nisa da mu shi ne bayaninsu. P. G. Harris, jami'in mulkin mallaka, ya wallafa maƙala kan masuntan Kabi a wata mujallar Landan a 1942, lokacin da dattawan da suka ga zamanin Sarkin Kabi Sama'ila suna raye. Muhammad Bello Alkali ya rubuta kundinsa kan Kabi a ƙarni na 19 a Jami'ar Ahmadu Bello a 1969. Duka da Ingilishi suke, a ɗakunan karatu masu nisa da gulbi. Kundayen da ɗalibai suka rubuta da Hausa su ma suna kan kanta a sassan jami'o'i, mutanen da aka yi hira da su ba su taɓa ganin kwafi ba. Surame kanta, wadda ke jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007, rabon jihohi ya bar ta a Jihar Sakkwato, yara da yawa a Argungu sunanta kawai suke ji.

Aikin da ke gabanmu ke nan, kuma ba mai tsada ba ne. A fassara waɗannan rubuce-rubuce zuwa Hausa a karanta su a rediyo, masunta su ji su gyara inda Bature ya yi kuskure. A rubuta sunan masaƙi a ƙarƙashin homa, sunan magyarci a ƙarƙashin ƙwarya, kamar yadda ake rubuta sunan mai zane a ƙarƙashin aikinsa a Legas. A bi tsofaffin mata masu waƙar daka da ta niƙa, waɗanda injin niƙa ya riga ya raba su da dutse, a naɗi muryarsu da sunan garinsu da izininsu. A cikin kwanakin biki a ware rumfa guda inda Sarkin Ruwa da malamin jami'a da yarinya mai zane za su zauna a tabarma ɗaya jama'a su yi musu tambaya da Hausa. A bikin 2020 an ba gwanin da ya kama babban kifi kyautar motoci da kuɗi da kujerar Makka, ya kuma cancanta. Kuɗin mota ɗaya irin wannan zai ɗauki nauyin ɗalibai masu yawa su shekara suna bin ƙauyukan bakin gulbi daga Augie har Bunza da rakoda a hannu, tun masu bayanin suna da rai.